Nauyin Aro

Shafi na 19

Masu bina har akwatin saƙo da "ina ci gaba, ina ci gaba", to ga shi, ku bar ni in sha ruwa. Ke kuma da kika rantse in cikin nan ya sake zubewa za ki daina karantawa, na ga saƙonki, gyara zama tukuna. Wanda yau ya fara shigowa, ga inda muke: Lukuta ta yi ɓari sau biyu, yanzu tana ɗauke da na uku, ya shiga wata na huɗu. Yau za a yi mata hoton ciki, yayarta mai ɗinkin labule ce 'yar rakiya.

*

Ƙarfe bakwai a shago ta yi wa Yaya, abin da ko masu ɗakin taron da suka tsaya mata a wuya ba su taɓa samu ba. Labulensu na nan jibge a kan tebur, yadi sittin, bai ishe ta kallo ba. Ƙarƙashin teburin ta duƙa ta zaro rigar da ta yi kwana uku tana ɗinkawa a ɓoye, doguwa ruwan zuma, mai tattara a ƙasan ƙirji yadda ciki zai sake har wata tara. Ta ɗaga ta sama, ta juya ta, ta yaba wa kanta tunda babu mai yaba mata.

Ita Yaya murnarta ba ta ɓoyuwa. Ta share shago sau biyu, ta gaida mai gyaran waya na kusa da ita da suka yi wata ba sa ga-maciji, har ta manta da haushin ƙarafunanta. Ƙarafunan labule ne, falle-falle kamar kwalin ashana, waɗanda ake cusawa a kalmasar ƙasa don labule ya tsaya cak kada iska ta yi wasa da shi. Kwali guda ta saya, ta zo aiki ta tarar babu talatin. Ranar har kasuwa ta koma ta yi wa mai kayan ɗinki wankin babban bargo, bawan Allah yana rantsuwa tana ƙara masa.

Waya ta yi ƙara. Mama ce, kira na huɗu tun safe.

"Kun tafi?"

"Mama, sai goma aka ce. Ko isowa ba ta yi ba."

"To ki tambayi likita mace ce ko namiji."

"Ba lallai ya nuna yanzu ba."

"Ki dai tambaya. Kuma ki tabbata ta karya, yarinyar nan laulayi ya tsotse ta."

"Ta karya, Mama. Kin san mijinta, faranti ba ya dawowa da saura."

Tana ajiye wayar mota ta tsaya a ƙofar shago. Malam ne ya fara fitowa, mijin Lukuta, malamin lissafi, irin mutanen da ko shayi za su haɗa sai sun auna sukari. Tun kafin ya gama gaisuwa ya zaro wata takarda mai gida-gida daga aljihu. Saboda ɓarin baya duk sati biyu matarsa take zuwa awo, shi kuwa duk dawowa sai ya karɓi katin asibiti, ya ɗiga nauyinta a takardar, ya haɗa ɗigon da jan biro.

"Yaya, dubi layin nan don Allah. Awo uku, kilo biyu sun ƙaru. Sama yake yi. Ko ɗalibaina ba sa ba ni sakamako mai kyau haka."

"Kai dai Malam, wata rana har kukan jaririn sai ka zana."

"Zan zana kuwa. Wancan karon duka biyun ba mu kai nan ba, Yaya. Wannan ya wuce su da sati uku." Ya ninke takardar a hankali. "Darasi biyu gare ni, ina gamawa zan same ku. Kada a fara hoton ba ni."

"In likita ta jira ka."

Ya buɗe wa matarsa ƙofa, ya ce, "Ranki ya daɗe, a sauka lafiya," ya ja mota yana ɗaga musu hannu kamar mai tafiya wata ƙasa.

Lukuta ta shigo tana murmushi. Sunan tun tana ƙarama ne, lokacin da kumatunta suke rufe mata ido in ta yi dariya. Yanzu kuwa ba abin da ya rage na lukutanci sai sunan. Rigar nan dai ce a jikinta, baƙa, burmemiya har ƙasa, wadda take sakawa duk ranar awo.

"Yau ma ita?" in ji Yaya.

"Rigar sa'a ce. Duk ranar da na saka ta labari mai daɗi nake ji."

"To yau sa'arki ta canza kaya. Rufe ido."

"Yaya, za mu makara."

"Rufe ido na ce."

Ta rufe. Da ta buɗe ta ga rigar, sai da ta dafe baki. Ta shafa tattarar, ta shafa wuyan, idonta ya kawo ruwa.

"Ta yi kyau, Yaya. Wallahi ta yi kyau. Zan saka gobe."

"Yau za ki saka. Ɗana ba zai fito a hoto uwarsa na sanye da buhun gawayi ba."

"Gobe dai."

"Tsaya ma in gani, kamar hannun zai yi miki yawa."

Tef ɗin awo na wuyan Yaya kullum, ko barci take jin kamar da shi take yi. Kafin ƙanwar ta ja da baya ta kama damtsenta ta zagaya. Ta duba. Ta saki, ta sake zagayawa, don ta ɗauka tef ɗin ne ya murɗe.

Bai murɗe ba.

Yaya ba ta buƙatar littafi a kan awon ƙanwarta, a ka ta haddace shi. Da awon bara ta yanka rigar nan. Yanzu damtsen ya ragu da inci ɗaya da rabi. Ta kai hannu kafaɗa, ƙashi ta taɓa, tsirara a ƙarƙashin yadi.

"Ke, mai ƙara kilo biyu ce wannan?"

"Cikin ne yake ɗauka. Haka nas ta ce, wai nauyin ƙasa yake sauka."

"Uhm."

"Mu tafi, Yaya."

"Bari in ga tsawo."

Ta durƙusa da tef. Lukuta ta yi saurin matsawa, bakin rigar ya yi lilo ya bugi Yaya a gwiwa. Ba bugun yadi ba ne. Wani abu ne mai tauri, har sai da ta ji zafi.

Ta cafke bakin rigar.

Shekara ashirin tana kalmasa labule, yatsunta sun riga idonta ganewa. Falle, mai kusurwa huɗu, an jera su ɗaya bayan ɗaya, kowanne da ɗan gidansa don kada su haɗu su yi ƙara. Ɗinkin hannu ne, sirara, wanda ba ya nunawa ta waje. Ita ta koya wa yarinyar nan wannan ɗinkin da hannunta, a kan wannan teburin.

"Yaya, saki."

Ba ta saki ba. Ta miƙa hannu kan keken ɗinki ta ɗauko reza, ta farke taƙi guda. Ƙarfe ya faɗo kan siminti, ƙwal. Wani ya biyo shi.

Yaya ta tsinci ɗaya ta duba.

"Ƙarafunana ne," in ji Yaya a hankali. "Na je na ci mutuncin bawan Allah a tsakiyar kasuwa, ashe ɓarawon na cin abinci da ni. Me za ki yi da su? Labule kika zama?"

Lukuta ba ta yi dariya ba. Ta zame ta zauna a kan kujerar keke, ta haɗa hannuwanta a cinya.

"Sikeli," ta ce.

"Me?"

"Sikelin asibiti. In na hau da su yana nuna na ƙaru."

Yaya ta daɗe a durƙushe tana kallonta. Maganar ta shiga kunnenta, amma kanta ya ƙi karɓa.

"Ba ki ƙaru ba ke nan."

"Raguwa nake yi."

"To ai laulayi ne. Laulayi abin ɓoyewa ne? Sai ki faɗa musu su ba ki maganin amai."

"Ba laulayi ba ne, Yaya. Laulayina sati biyu ya yi ya tafi."

"Aman da kike yi kullum fa? Ni da kaina na riƙe miki kai a gidan Mama."

"Ni nake jawo shi."

Ta ɗago hannunta na dama ta juya bayansa. A kan gaɓoɓin yatsu biyu akwai tabo, baƙi, ya yi kanta. Yaya ta sha ganinsa. Ta taɓa tambaya aka ce mata wanki ne, ta yarda, har ta sayo mata man shafawa.

"Malam yana zuba mini, ya zauna ya tsare ni, in cinye tas. Ya yi ta murna. Yana juya baya in shiga banɗaki in kunna famfo." Muryarta ba ta rawa, kamar mai karanta saƙon wani. "Ranar da ba ya gida kuma ba na ci sam. Ruwa kawai."

"Tun yaushe?"

Lukuta ta mayar da hannun cinya.

"Tun yaushe nake tambayarki."

"Tun ina shekara sha biyar."

Yaya ta zauna daɓas a ƙasa. Ta yi lissafi ba ta so ba: shekara goma sha ɗaya. A gida ɗaya, a ɗaki ɗaya shekara shida daga ciki.

"Kin san abin da ya fi ba ni tsoro?" in ji ƙanwar. "Da cikin nan ya zo, sauƙi na samu. Karon farko a rayuwata da nake amai ana yi mini sannu."

"Ba kya son cikin ne?"

Nan ne fuskar ta karye.

"Ina son shi fiye da raina. Ina zama gaban faranti in ce masa, don kai zan ci. In ci. Wallahi ina ci da niyya. Minti biyar sai wani abu ya taso mini a ka, yana ce mini kin koma, kin koma yadda kike, kowa zai gani. Ba na iya numfashi sai na fitar. In na fitar in zauna a ƙasan banɗaki ina ba shi haƙuri. Kullum haka, Yaya. Na gaji."

"Kin koma yaya? Me kike da? Yarinya ce ke mai kumari, kowa na son ɗaukarki."

"Kin tuna rigar bikin makarantarmu?"

Yaya ta girgiza kai.

"A nan kika auna ni. Mata huɗu na zaune a bencin can. Kika zagaya tef a ƙuguna, kika ce, jama'a tef ya ƙare, wa zai ara mini igiyar shanya? Suka yi ta dariya, ɗaya har da hawaye. Ni ma na yi." Ta share hanci da bayan hannu. "Ranar na fara."

Yaya ta nemi ranar a kanta ta rasa. Abin da ya fi ƙona mata rai ke nan: ba ta ma tuna ba. Irin wannan wasan ta yi shi sau dubu, ga kwastoma, ga Mama, ga kanta. Bakinta ne jarinta, kowa ya san Mai Labule da barkwanci.

"Luku..." ta fara, sunan ya maƙale. Ta haɗiye shi. "Auta. Ban sani ba."

Ni ma daga nan na ajiye wancan sunan, kada wanda ya sake jin shi a bakina.

"Ba ke kaɗai ba ce," in ji Auta. "Kowa na faɗa. Taki ce dai ta zauna."

Yaya ta so ta yi kuka, amma agogon bango ya nuna tara da kwata, kuma ita mace ce da in abu ya yage ɗinke shi take fara yi, kukan ya biyo baya. Ta miƙe ta kakkaɓe zani.

"Cire rigar nan."

"Yaya, don Allah. Yau kawai. In aka ga hoton lafiya, na rantse zan daina."

"Sau nawa kika rantse wa kanki?"

Auta ta sunkuyar da kai.

"Ƙarfen nan sikeli yake ruɗa, ba ya ciyar da ɗan da ke cikinki. Cire. Ki saka tawa, ki hau sikelin nan da nauyin da Allah ya sani."

"Za su faɗa wa Malam."

"Ni dai ba zan faɗa masa ba, wannan maganarki ce da mijinki. Amma likita za ta ji yau, ko daga bakinki ko daga nawa. Zaɓi."

"Zai ce ni na kashe masa 'ya'ya biyu."

"Na ukun nake so mu tsira da shi. Ɗaga hannu."

Ta ja labulen gwaji ta taimaka mata. Da baƙar rigar ta sauka, Yaya ta kau da kai don kada Auta ta ga fuskarta. Haƙarƙari a jere, ga ɗan cikin ya turo shi kaɗai, abin tausayi. Ta zura mata sabuwar, ta kama hannun da fil biyu ta baya. Baƙar kuwa ta cusa ta a jakar leda, da ƙarafunan da suka faɗo, ta rataya a kafaɗa. Sai da kafaɗar ta amsa.

*

Nas ɗin awo mace ce mai fara'a, ta san su.

"A'a, yau ina rigar sa'a? Wannan ta fi kyau kuwa. Bismillah, hau mu gani."

Auta ta kalli Yaya. Yaya ta gyaɗa mata kai. Ta cire takalmi ta hau.

Nas ta duba sikeli, ta duba kati. Ta ce ta sauka ta sake hawa. Ta ɗan bubbuga sikelin da ƙafa.

"Abin nan ya fara lalacewa. Wai kilo huɗu kika zubar a sati biyu."

"Lafiyarsa ƙalau," in ji Yaya. Ta sauke jakar ta ɗora a kai. "Auna wannan."

Kilo uku da ɗori. Nas ta leƙa jakar, ta taɓa bakin rigar, ta ɗago ta dubi Auta. Yaya ta gyara tsayuwa, a shirye take ta rama in aka yi wa ƙanwarta tsawa. Amma matar nan ba ta ko ɗaure fuska ba. Ta kama hannun Auta na dama, ta dubi tabon, ta rufe shi da tafinta.

"Ba ke ce ta farko ba, ƙanwata. Zo mu je wurin likita, ba sai kin bi layi ba."

Likitar babbar mace ce mai tabarau a kan hanci. Ta bar Auta ta yi magana har ta ƙare, ba ta katse ta ba sai da tambaya ɗaya ko biyu. Sau nawa a rana? Tana jin jiri? Zuciyarta na yi mata fat-fat haka kawai? Duk Auta ta ce e.

"To saurara," in ji likita. "Wannan ciwo ne, ba mugunta ba, ba kuma taurin kai ba. Muna ganinsa, ana kuma warkewa. Amma ba zan ɓoye miki ba, da ciki yana da haɗari. Yana ƙara yiwuwar ɓari, ko haihuwa kafin lokaci, ko a haifi jariri ɗan mitsitsi. Ke kanki yawan aman nan yana zubar da gishirin jininki, zuciya kuma da shi take aiki."

"Likita, biyun da na rasa," in ji Auta, muryarta can ƙasa. "Ni ce?"

"Ba zan iya ce miki e ba, ba zan iya ce miki a'a ba. Ɓari dalilansa da yawa, mata masu ci da kyau ma suna yi. Abin da na sani shi ne wannan da ke cikinki yanzu muna da abin da za mu yi masa. Yau za ki kwana a nan. Za mu ɗebi jini, mu fara ba ki abinci kaɗan-kaɗan bisa tsari, ba ɗura ba." Ta dubi Yaya ta saman tabarau. "Kin ji ko, Yaya? Ba ɗura ba, ba gori."

"Na ji, likita."

"Akwai kuma likitar da za ki riƙa zama da ita kuna magana a kan abin nan da ke taso miki a ka. Yanzu hau gado mu gaida mutumin."

Sau biyu ana ba Auta ranar hoton nan tana zillewa, wai tsoro take ji. Sai yanzu Yaya ta gane tsoron me: a ce ta ɗage riga. Ta tsaya a gefen gadon ta riƙe mata hannu. Aka shafa man nan mai sanyi a ciki, likita ta ɗora na'ura tana zagayawa.

Allon ya cika da hazo-hazo. Yaya ba ta gane komai, fuskar likita kawai take karantawa. Likitar ta matsa hagu, ta danna, ta dawo dama. Ta cire tabarau ta goge ta mayar.

Auta ta runtse ido. Farcenta ya shige tafin Yaya.

"Likita, ki yi magana," in ji Yaya.

Likita ta murɗa wani maɓalli. Ɗakin ya cika da sauti, da sauri-sauri, kamar keken ɗinki a hannun gwani.

"Ga zuciya nan," ta ce. "Tana bugawa yadda ake so."

Auta ta buɗe ido, ta fashe da kuka da dariya a haɗe. Yaya ta rasa inda za ta sa kanta, ta sumbaci goshin ƙanwarta, ta juya ta rungume nas da ta shigo da takardar gwaji.

"Alhamdulillah. Kin ji shi ko? Kin ji ɗan banzan ƙarfi? Wannan ni ya biyo."

"Kada ki ƙarar da murnar," in ji likita, tana ɗan murmushi. Ta zame na'urar gefe. Sautin ya ɓace, wani ya taso, shi ma da sauri-sauri. "Wannan kuma ta waye?"

Yaya ta saki nas.

"Ba ita ce ta ɗazu ba?"

"Ta ɗazu tana nan. Duba, kai ɗaya. Ga na biyu."

"Biyu?" in ji Auta.

"Biyu. Sun ɗan yi ƙanana a kan kwanakinsu, amma duka suna motsi. Kin ga wannan har shurin ɗan'uwansa yake yi."

"Biyu!" Yaya ta dafe kai ta zagaya ɗakin. "Tattarar rigar nan ba za ta isa ba, sai na ƙara yadi. Wayyo Mama, yau sai an riƙe ta. Auta, biyu fa aka ce."

Auta ba ta ɗauke ido daga allon ba. Ta kai yatsa kamar za ta taɓa su.

"Duk wannan yunwar da na bar su da ita, suna nan?"

"Suna nan," in ji likita. "Amma ki ji ni da kyau. Jikin da ko ke bai ishe ki ba, yanzu mutum uku yake ɗauke da su, kuma daga nan gaba ne suke fara ja da ƙarfi. Ba mu da sati guda na wasa. Kuma gida za ki koma wata rana, wanda kuke kwana ɗaki ɗaya dole ya san abin da ake ciki. Ke za ki faɗa masa, in kina so ina zaune."

"Ba yau ba, likita. Don Allah ku bar shi ya yi murnar yau."

Ba ta rufe baki ba aka ƙwanƙwasa. Malam ya leƙo, yana haki, garin alli a hannun rigarsa, takardarsa mai gida-gida a hannu tun daga mota.

"Na makara? Na bar su da aikin aji na gudo. Menene wannan ƙarar?"

"Malam," in ji Yaya, dariya da hawaye sun haɗe mata, "sai ka sayo jan biro na biyu."

Ya dubi allon. Likita ta nuna masa da yatsa, ɗaya, biyu. Mutumin da ke koyar da lissafi ya tsaya yana ƙirga biyu da leɓɓansa har sau uku. Ya dubi matarsa.

"Ranki ya daɗe, biyu? Shi ya sa layin nan yake ta hawa. Na faɗa miki, Yaya, na faɗa miki lissafi ba ya ƙarya. Bari in zauna, kaina juyawa yake."

Kujera ɗaya ce a ɗakin, jakar ledar na kai.

Yaya ta yunƙura, amma ya riga ta. Ya ɗaga jakar da hannu ɗaya, nauyin ya ba shi mamaki, ledar ta yage daga gindi. Baƙar rigar ta sulalo, ƙarafuna suka watse a kan tayil, wani ya gangara har gaban takalminsa.

Ya duƙa ya ɗauka. Ya jinjina shi a tafinsa. Ya ɗaga rigar da ya sani sarai, ya bi bakinta da yatsa, gida bayan gida. A kan teburin likita katin awo na buɗe, nas ta rubuta nauyin yau ta ja masa layi biyu. Ya karanta. Ya dubi takardarsa da jan layinta mai hawa.

Ba wanda ya yi masa bayani. Malamin lissafi ne.

Har yanzu na'urar na kan cikin, ƙaramar zuciyar na ta bugawa a ɗakin. Ya ninke takardar sau ɗaya, sau biyu, ya rasa aljihun da zai saka ta.

"Aman nan," ya ce, bai ɗaga murya ba. "Ba laulayi ba ne."

Ya matso bakin gadon.

"Wancan karon ma kin yi ta amai. Da wanda ya gabace shi." Ya ɗago ido, sun yi ja. "Lokacin ma haka ne?"

Yaya ta shiga tsakaninsu. "Malam, in laifi kake nema, ni za ka fara..."

Hannu ya kama tsintsiyar hannunta ta baya, siriri, mai tabo a yatsu biyu. Riƙon ya fi ƙarfin da ta zata.

"Bari, Yaya," in ji Auta. Ta yunƙura ta tashi zaune, ɗaya hannun a kan cikinta. "Shekara goma sha ɗaya ina ɓoyewa. Ni zan faɗa. Malam, rufe ƙofar."